Robar da ke tsufa a cikin duhu

Wani dattijo mai warshar allunan shaguna da rumfunan mota a Jidda ya aiko mini da tambaya, don ya ji cewa aikina a garin Yanbu na Saudiyya gwajin ƙarfin roba ne. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Fallayen akirilik sun shekara 3 a sitona. Rana ba ta taɓa ganinsu ba, ko takardar jikinsu ba a ɓare ba, amma da na zo hudawa sai suka riƙa tsagewa. Lexan kuwa, da ido ba ka raba shi da akirilik, amma ko guduma ka kwaɗa masa ba ya fashewa. Ga kuma fayif ɗin PVC na saman benena ya yi ciki tsakanin maɗauri da maɗauri, ba wanda ya taka shi. Jabu ake sayar mana, ko roba ma tsufa take yi?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba, amma duk abin da ka lissafa yana faruwa har da kaya masu kyau na manyan kamfanoni. Tambayoyinka uku ne, jijiyarsu ɗaya: robar da ka ga ta ƙandare ba tsayawa ta yi ba. Tana motsi a cikinta dare da rana, sai dai motsin ya yi nauyin da ido ba ya kama shi.

Akirilik da Lexan da PVC, da folistarin da ake yin gidan faifan CD da ita, duk dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyi da suka riƙe juna, ɗaruruwa ko dubbai a jere. Bajamushe Hermann Staudinger ne ya dage a kan haka tun 1920, takwarorinsa suka daɗe suna ja da shi, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel. Gishiri da ƙanƙara da ƙarfe, ƙwayoyinsu sahu-sahu suke, kowacce da gurbinta. Waɗannan robobi kuwa ba su da sahu, sarƙoƙin a cukurkuɗe suke kamar zaren da ya harɗe. Rashin sahun nan yana cikin abin da ya sa haske ke ratsa su tar, kuma shi ya sa muke kiransu robobi masu halin gilashi. Ko a gida muna da irinsu: alewa mai tauri, da ƙaron da ake kawowa daga Kurdufan ta Sudan, wanda idan ya bushe yake fashewa kamar kwalba, idan ya ji danshi kuma ya koma yauƙi.

Abin da ke faruwa a masana'anta shi ne, ana narka robar, sarƙoƙin na sulɓewa a jikin juna, sannan a sanyaya ta. Tana hucewa tana tsukewa, sararin da ke tsakanin sarƙoƙi yana raguwa. Ka tuna ɗawafi ranar 10 ga Zulhajji. A can gefe inda akwai fili, kowa tafiyarsa yake yi. Da ka matso kusa, ba ka iya ɗaga ƙafa sai mutum goma na kewayenka sun gusa, su ma sai na kewayensu sun gusa. Haka gaɓoɓin sarƙa suke: da wuri ya matse, motsin ɗaya sai da yardar maƙwabta. A ƙarshe sai a kai inda sanyin ya riga su, ba su gama gyara zama ba aka kulle su a yadda suke. Zafin da hakan ke faruwa shi ne iyakar daskarewa, a takardun kamfani za ka ga an rubuta Tg. Ta PVC mai tauri wajen digiri 80 ce a ma'aunin Salshiyos, folistarin 100, akirilik wajen 105, Lexan wajen 147. Robar gorar ruwa, PET, tana wajen 70 zuwa 75, shi ya sa take yamutsewa idan aka zuba mata tafasasshen shayi.

Kalmar da nake so ka riƙe ita ce sakin jiki. Idan ka danna roba, da farko tana turjewa, sannan sannu a hankali sarƙoƙin su gyara zama, turjiyar ta ragu. Tsawon lokacin da hakan ke ɗauka muke kira lokacin sakin jiki. A daidai iyakar daskarewa, masana sun saba ƙiyasta shi da wajen sakan 100. Wasu masana uku a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Williams da Landel da Ferry, sun fitar da lissafi a 1955 da ya nuna cewa a ɗan saman iyakar, ƙarin digiri 3 kacal yana gaggauta motsin kusan ninki 10. Ka ga abin da ya sa fallen da ke kan hitar lanƙwasa yake zama ƙam, ƙam, ƙam, sannan farat ɗaya ya yi laushi a hannunka. A ƙasan iyakar kuwa, sakan 100 ɗin nan yana miƙewa ya zama awanni, ya zama watanni, ya zama shekaru. Miƙewa yake yi, ba ya ƙarewa.

Wannan ne ya sa idan aka tambaye ni ko roba kaza tana da tauri, nakan ce: na tsawon wane lokaci? A Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Farfesa Thomas Parnell ya zuba baƙar kwalta a mazurari a 1927. Kwalta ce wadda idan ka buga mata guduma take tarwatsewa, amma tana ɗiga, kuma zuwa 2014 ɗigo 9 ta yi. A wurin guduma dutse ce, a wurin shekaru ruwa ce.

To ka ga amsar fayif ɗinka ta fito da kanta. A cikin kayan da ka ambata, PVC ce iyakarta ta fi kusa da zafin garinmu. Iskar Jidda takan wuce digiri 40 da bazara, fayif mai launin toka da ke kwance a rana kuwa ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba, ga ruwan da ya wuni a tanki. Bai kai 80 ba, don haka bai narke ba, amma ya matso kusa yadda lokacin sakin jikinsa ya gajarta ƙwarai. Nauyin ruwan da ke cikinsa yana jansa ƙasa kullum, shi kuma yana biyewa kaɗan-kaɗan. Jan ciki ke nan, kuma sannu ba ta hana zuwa. Masu ƙera fayif sun san da haka: ba su yarda a wuce digiri 60 da PVC ba, kuma a 60 ɗin ƙarfin matsin ruwan da yake ɗauka wajen kashi 22 cikin 100 ne na abin da yake ɗauka a digiri 23. Lambar da aka buga a jikin fayif ta ɗaki mai sanyi ce, ba ta saman bene a watan Yuli ba. Ka matso da maɗaurai kusa da juna, ka yi masa inuwa ko ka shafa masa farin fenti mai ruwa, inda zafi ya yi yawa kuma ka koma CPVC, wata irin PVC mai jure zafi, wadda iyakarta ta haura 100, ake amfani da ita har digiri 93.

Batun Lexan da akirilik ya fi wannan zurfi, kuma shi ne abin da ya fara sa ni son wannan fanni.

Mu koma ɗawafi. Ko a inda cunkoso ya kai maƙura, mutum yana iya juya kai, yana motsa leɓe, yana jan carbi. Bai gusa daga inda yake ba, amma bai sandare ba. Haka sarƙoƙin roba: bayan babban motsi ya kulle a iyakar daskarewa, akwai ƙananan motsi da ke ci gaba, kowanne da tasa iyakar can ƙasa. Muna gano su da na'urar da ke girgiza ɗan yanki na roba tana auna ƙarfin da ya shanye, tun daga sanyin da ya wuce na firiza har zuwa laushi. Lexan, wato folikabonet, ƙaramin motsinsa ba ya kullewa sai wajen digiri 100 ƙasa da sifili. Ma'ana a zafin warsharka, zobban da ke cikin kashin bayan sarƙarsa suna jujjuyawa sau dubbai barkatai a sakan guda, kuma gaɓoɓi da dama ne ke yi tare. Bugun guduma ɗan kashi ne na sakan, amma motsin ya fi shi sauri. Sai robar ta samu damar kaucewa, ta lotsa, ta raba bugun a wuri mai faɗi. Akirilik ma tana da nata ƙaramin motsin, sai dai iyakarsa tana kusa da zafin ɗaki, kuma akasarinsa na 'yan rassan da ke rataye a gefen sarƙa ne. Idan bugu ya zo da sauri, ba ta iya binsa.

Littattafai da yawa a nan suke tsayawa, su ce ƙaramin motsi shi ne sirrin juriya. A ganina wannan rabin magana ce. Tun shekarun 1960 wani masani ɗan Holan mai suna Heijboer ya nuna cewa motsin reshe bai cika ba da juriya ba, sai wanda kashin bayan sarƙa ke ciki. Sannan akwai yawan harɗewa. Sarƙoƙin folikabonet suna harɗe da juna kusa-kusa kamar ragar masunta mai ƙananan idanu. Na akirilik sun fi tazara, na folistarin sun fi kowa. Raga mai ƙananan idanu, idan wuri ɗaya ya fara miƙewa sai ya yi tauri ya miƙa aikin ga na kusa da shi. Mai manyan idanu kuwa, sai wuri ɗaya ya yi ta buɗewa, ya zama 'yan ramuka da siraran zaruruwa a tsakani. Su ne fararen zanen nan kamar gashi da kake gani suna ƙyalli a gefen huda kafin falle ya tsage. A gwajin bugu da muke yi wa yanki mai tsaga, folikabonet mai kaurin milimita 3 yana shanye fiye da ninki 20 na abin da akirilik ke shanyewa.

Sunan Lexan da ya bi bakin kowa a nan Saudiyya yana da tarihi. A 1953 Daniel Fox na kamfanin General Electric a Amurka da Hermann Schnell na Bayer a Jamus suka gano wannan roba, kowa a ɗakin bincikensa. A 2007 kamfanin SABIC na Saudiyya ya sayi sashen robobin General Electric a kan dala biliyan 11.6.

Yanzu sai tsufa. E, Alhaji, roba tana tsufa, kuma iri biyu ne da bai kamata a haɗa su ba.

Na farko shi ne wanda ba ya buƙatar rana ko iska. Ka san idan aka cika mudu da gero aka bubbuga gefensa, sai geron ya zauna, ya sauka, alhali ba a ɗebi ko ƙwaya ba. Robar da aka sanyaya da gaggawa mudu ce da ba a bubbuga ba: an kulle ta da sararin da ya wuce wanda take so. Ƙananan motsin nan su ne bubbugawar. Kullum tana ƙara zama, tana tsukewa. Abin da take raguwa a girma bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ba za ka gan shi da tef ba, amma ɗan sararin da ya tafi shi ne wanda sarƙoƙi ke buƙata don kaucewa. Wani ɗan Holan, Struik, ya fitar da littafi a kan haka a 1978 bayan ya gwada abubuwa da dama, har da kwalta da sukari. Abin da ya gano yana da ban mamaki saboda tsarinsa: duk lokacin da shekarun roba suka ninka sau 10, jan cikinta yakan ragu da kusan ninki 10. Tsufan da ta yi daga kwana 1 zuwa kwana 10, kusan shi za ta yi daga 10 zuwa 100, sannan daga 100 zuwa 1000. Da ƙuruciya take saurin tsufa, daga baya ta lafa. Kuma zafi yana ingiza shi muddin ba a haura iyakar ba, don haka sito mai rufin kwano da babu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya fi ɗaki mai sanyi tsufar da kaya.

Tsohuwar roba ta fi sabuwa tauri, ta fi ta jinkirin yin ciki. A nan illar take. Ƙarfin da ake buƙata kafin ta fara lotsawa yana hawa, ƙarfin da zai tsaga ta kuwa yana nan inda yake. Ranar da na farko ya wuce na biyu, sai ta tsage kafin ta lotsa. Masu bincike a Jami'ar Eindhoven sun nuna haka ta hanyar da ba na mantawa. Sun ɗauki folistarin, wadda kowa ya sani da saurin karyewa, suka matse ta tsakanin naɗi biyu na ƙarfe har kaurinta ya ragu da kusan kashi 1 cikin 3. Matsewar ta goge tsufanta, sai ga folistarin tana lanƙwasuwa tana miƙewa ba ta karye ba. Cikin kwana 2 ta koma halinta. Ba a ƙara mata komai ba, ba a rage ba, zaman sarƙoƙin kawai ya sauya. Kafin su, André Kovacs a Strasbourg ta Faransa ya yi aiki a shekarun 1960 da robar da ke cikin farin gam na kafintoci, ya nuna cewa tana tuna zafin da ta ratsa: idan ka sanyaya ta, ka bar ta ta ɗan zauna, sannan ka ɗumama ta kaɗan, sai ta fara kumbura kafin ta dawo ta ci gaba da tsukewa, domin wasu sassanta masu saurin sakin jiki ne, wasu masu nawa. Da masana a Texas suka so ganin inda wannan tafiya ke kaiwa, ba su da shekarun jira, sai suka ɗauko kahraman, wato ƙaron itace da ya daskare tun zamanin da, mai shekara miliyan 20, irin wanda ake yin carbi mai tsada da shi, suka auna, aka buga sakamakon a 2013.

Daɗin wannan tsufa shi ne yana gogewa. Da roba ta haura iyakar daskarewarta, duk abin da ta tara ya tafi, lissafi ya koma sifili. Kai da kanka shaida ne: tsohon falle idan ya shiga tanda a digiri 150 zuwa 180 yana lanƙwasuwa kamar na jiya.

Tsufa na biyu shi ne na rana, kuma wannan ba ya gogewa, domin hasken yana tsinka sarƙoƙin ne. Alamarsa a fili take: komawa ruwan ɗorawa, dusashewa, gari-gari a jiki. Shi ne ke cin fitilun gaban mota, waɗanda folikabonet ne. A nan akirilik ce gwana, Lexan kuwa sai da kariya, shi ya sa fallen rumfa ke zuwa da fuska ɗaya da aka rubuta ta kalli sama. Na sha ganin rumfar da aka kife fallenta ta lalace tun ba a je ko'ina ba, aka ɗora laifin a kan mai sayarwa.

Game da fallayenka, zan gaya maka ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Sun tsufa a duhu, babu shakka, amma ban yarda shekara 3 kaɗai ce ta tsaga su ba. Akirilik tun haihuwarta ba mai haƙuri ba ce, tsufan ya rage mata ɗan abin da take da shi ne, sai wani abu ya ƙarasa. Wanda na fi zargi shi ne miƙewar da aka kulle a cikinta. Falle iri biyu ne: wanda aka zuba tsakanin gilasai biyu ya daskare a natse, da wanda inji ya turo da zafi aka ja shi. Na biyun ya fi araha, sarƙoƙinsa sun fi gajarta, kuma an daskarar da su a miƙe, suna son komawa ba hali. Idan kana zane da leza za ka gane su: na zubi yana ba da fari tas kamar gari, na turi ba ya fari sosai. Idan kuma a jingine aka ajiye su suka yi doro, sannan aka danne su a kan tebur don hudawa, an ƙara musu wani nauyin. Sai tina da gam da fetur idan a sito ɗaya suke. Tururinsu yana shiga tsakanin sarƙoƙi ya sassauta su a fatar falle, inda ke a miƙe sai ya buɗe. Shi ya sa bakin da aka yanka da leza ko aka goge da wuta yake tsattsagewa nan take idan aka share shi da sifirit: bakin ya narke ya huce cikin ƙiftawar ido, a ɗaure yake tamau. Ruwa da sabulu sun isa wanke akirilik da Lexan. Na ƙarshe shi ne bakin dirila. Na hudar ƙarfe yana cafkar roba ya finciko ta, sai an dakushe kaifinsa kaɗan yadda zai riƙa kankara, a sa katako a ƙasa, a sassauta hannu dab da ɓullewa.

Maganin miƙewar da ta kulle shi ne a ba sarƙoƙin zafin da za su saki jiki ba tare da falle ya rasa siffarsa ba: wajen digiri 80, awa 1 ga kowace milimita ta kauri, kada ya gaza awa 2, a kwance a kan abu mai shafe, sannan a kashe tandar a bar shi ya huce a ciki. Amma kada ka ɗauki wannan dabara ka kai wa Lexan kai tsaye. Gashin da ke warware ɗauri shi ne kuma ke gaggauta tsufa. Akirilik ba ta da juriyar da za ta yi asara, don haka riba take ci. Folikabonet kuwa idan ya daɗe a digiri 120 zuwa 130 yana iya rasa juriyar da aka saye shi dominta, har ya riƙa karyewa daga inda aka yi masa tsaga ko kusurwa mai kaifi. Ko sabo ne ma ba ya son kusurwa mai kaifi, ka riƙa zagaye masa ita.

A rumfa kuma ka buɗa huda ta fi ƙusa faɗi, kada ka ɗaure tamau. Fallen Lexan mai tsawon mita 3 yana ƙaruwa da wajen milimita 8 idan zafinsa ya hau da digiri 40, kuma tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin bazara yana ganin hakan. Idan ƙusa ta hana shi tafiya, nauyin yana nan a kansa shekara da shekaru, daga bakin hudar fararen zanen za su fara.

Ga abin da nake roƙo ka gwada kafin ka koma wurin mai kaya. Ka yanko guda 3 daga falle ɗaya. Na farko ka huda shi da bakin da ka saba, na biyu da bakin da aka dakushe, na uku ka gasa shi a digiri 80 yadda na faɗa, ya kwana ya huce, sannan ka huda da dakusasshen bakin. Idan na biyu ya tsira, dirila ce. Idan sai na uku ne ya tsira, ɗauri ne a cikin fallen, kuma sauran da ke sito duk za su gyaru da tanda. Idan har na ukun ya tsage, ka ɗaga shi a hasken taga ka duba fatarsa: in akwai fararen zane ko'ina, tururin tina ya riga ya ci shi, in babu, to ka aiko mini da guntun Yanbu tare da takardar jikinsa mai sunan kamfani, in sa shi a na'ura mu ga inda iyakar daskarewarsa take.